Shi Ne Ya Yi

A Kafanchan in aka ambaci Bartholomew Kumai, kowa da abin da yake faɗa. Tsofaffin ma'aikatan reluwe sukan ce tun yana akawu a ofishin kaya ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya, hannu na rubuta lambar tarago, dunduniya na kiɗa a ƙarƙashin tebur. Matan kasuwa sukan ce ai shi ne aka nuna a talabijin, wanda gwamnati ta tura ƙasar Turawa wata shida ya gano rawar nan da ake yi a kan yatsun ƙafa. Mama Nkiru mai ɗinki a layin tasha, wadda ta ɗinka wa ƙungiyarsa kayan wasa na farko bayan ta dawo daga Gabas da yaƙin basasa ya ƙare, cewa take yi mutumin kirki ne, sai dai in yana gaishe ka takalminka yake kallo. Baba Silvanus makaɗi kuwa, da an kawo sunan sai kunnensa ya daina ji.

Mutum ɗaya ce ba ta cewa komai, Afiniki, 'yar wan mahaifinsa, wadda yake kira Yaya. Shekara shida rabon da su zauna a tabarma ɗaya.

Ya sauka daga jirgin Kaduna wata Laraba a cikin Agustan 1978, ana yayyafi. Shekararsa arba'in da huɗu, gwiwarsa ta hagu a kumbure tun farkon damina, sai da ya bari kowa ya fita sannan ya lallaɓa ya taka ƙasa. Ba hutu ya zo ba. Ranar Litinin da ta wuce Malam Nuru, shugabansa a ma'aikatar al'adu, ya kira shi ofis ya rufe ƙofa.

"Malam Bartholomew, rawar turmi mun gani. Rawar layin dogo mun gani. Ta tulu kuwa har direbana ya iya ta. Ka juya su dama, ka juya su hagu, ka canza musu zane. A bikin da ya wuce kwamishina da kansa ya waiwayo ya ce mini, ba wannan muka kalla bara ba?"

"Ana ta gyara ne, yallaɓai."

"Ba gyara nake so ba, sabuwa nake so, kafin ƙarshen wata. In babu, akwai wani matashi da ya gama jami'a, sau biyu ana kawo mini takardunsa. Zan ba shi ƙungiyar. Ba don raina ya so ba."

Bartholomew ya ce to. Bai gaya masa cewa raye-rayen nan uku ba nasa ba ne, kuma wadda ta yi su tana Kafanchan tana koyar da 'yan aji biyu.

Abin ya faro ne a kulob ɗin reluwe, shekarar da aka gama yaƙi. Gari ya yi shiru da yawa, gidaje da dama a layin tasha masu su ba su dawo ba, sai Bartholomew ya tara ma'aikata da malaman makaranta suka fara wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa duk ƙarshen wata. Shi ke rubuta magana da waƙoƙi, shi ke cewa wane zai fito a wane. Ƙafafu kuwa na Afiniki ne. Tana yarinya wata Sista a makarantar mishan ta koya musu tsayuwar rawar bale ta Turawa, yadda ake miƙe wuya, yadda ake ɗaga hannu kamar ba shi da nauyi. Afiniki ta riƙe wannan ta haɗa da takun da ta tashi ta ga ana yi a ƙauyensu a gindin dutse. Ba ta rubuta komai. Takan je kasuwa ta zauna kusa da masu sauke kaya, ko ta tsaya a bakin layi tana kallon leburori suna ɗaga ƙarfe da murya ɗaya, ta dawo da yamma ta ce, "Ku tashi, na ga wani abu." Bartholomew ke bin ta da littafi. Ya ƙirƙiri nasa rubutun rawa, kibiyoyi da layuka da 'yan gicciye, irin taswirar mahaɗar jirgi da ke manne a bangon ofishinsa, don kada a manta.

A 1972 suka kai wasan Kaduna, bikin al'adu na jiha, suka zo na ɗaya. Wajen la'asar suna bayan dandamali suna haɗa kaya sai ga Malam Nuru, lokacin yana ƙaramin jami'i, da takarda a hannu. Ya ga Baba Silvanus ne babba a cikinsu, sai ya rusuna ya tambaye shi wa ya tsara raye-rayen. Tsohon yana ɗaure ganga, hannayensa biyu duk a kan igiya, sai ya nuna da haɓa inda Afiniki take durƙushe tana kwance wa wata 'yar rawa zane, fil uku a bakinta. Bartholomew yana tsaye a kanta da littafinsa.

"Shi ne ya yi," in ji Baba Silvanus. "Duka shi ne."

A bakin Baba Silvanus, kamar sauran tsofaffin da suka koyi Hausa a kasuwa da coci, matarsa ma shi ce, uwarsa ma shi ce. Yarensu na gida ba ya raba mace da namiji a irin wannan wuri. Duk wanda ke bayan dandamalin nan ya san wa ake nufi in ban da Malam Nuru, mutumin birnin Zariya. Ya ji an ce shi, ya ga namiji da littafi, ya ce, "Sunan Malam?"

Bartholomew ya faɗi sunansa. Har ya taya shi rubutawa harafi-harafi, don sunan yana ba mutane wuya. Afiniki ta ɗago ta dube shi, ta koma kan zanen. Bayan wata biyu takardar ɗaukar aiki ta zo, mai tsara rawa na ƙungiyar jiha. Ya tafi da littafin.

Daga tasha bai wuce gida ba, ya fake a shagon Mama Nkiru don ruwa ya ɗauke. Ta cire ƙafa daga kan keken ɗinki ta dube shi sama da ƙasa.

"Oga Bato na gwamnati. Kai ya tsufa fa. Wannan tafiya kamar agwagwa, shi ne sabon rawa na Kaduna?"

"Gwiwa ce, Mama Nkiru."

"Gwiwa. Ni shekara ashirin ina taka mashin, nawa bai kai ni asibiti ba. Zauna, kwashe yadin nan. Biki ne ko mutuwa? Don ku mutanen Kaduna ba ku zuwa haka kawai."

"Na zo ganin gida."

"Gida." Ta ciji zare ta tofar. "Gida yana coci gobe ƙarfe huɗu. Yana koya wa zumuntar mata rawa, akwai taron shiyya Lahadi na sama. Ni ma ina ciki, layi na baya, inda Fada ba zai ga ƙafa na ba."

Bai tambaye ta yadda ta san wa yake nema ba. Ya zauna yana kallon ruwa na zuba daga bakin kwano, ita kuma ta ci gaba da ɗinkinta tana ba shi labarin waɗanda suka mutu da waɗanda reluwe ta yi wa canjin gari. Cikin 'yan wasansu na da, mutum huɗu ne suka rage a Kafanchan, har da ita.

Washegari da safe ya je gaishe da Baba Silvanus a bayan kasuwa. Ya same shi a baranda yana ɓare gyaɗa, gangarsa a rataye a bango, fatar ta saki. Suka gaisa, gajiya, ruwa, iyali. Kunnen tsohon yana ji sarai.

"Baba, ba ka kiɗa yanzu?"

"Tun Kaduna ban taɓa shi ba." Ya zuba ɓawo a ƙwarya. "Baki na ne ya ɓata abin nan. Ni ban yi makaranta ba, Hausa na na kasuwa ne. Da mun dawo, yara suka ce, Baba, ai da ka ce ita. Ita. Ƙaramin magana haka. Na kama kaza na kai ma Afiniki, na ce ya yi haƙuri. Ya ce, Baba, koma da kaza, ba kai ba ne. Amma ni na sani. Mutum ya rasa aikin gwamnati sabo da baki na. Kai ba laifin ka ba ne, ɗa na. An rubuta an rubuta, wa zai ce ma gwamnati ya goge?"

Bartholomew ya ɗauki gyaɗa ɗaya ya ɓare, bai ci ba. Sai ya ce damina ta yi kyau bana. Tsohon ya ce ya yi, sai dai masara yana son rana.

Daga nan ya shiga kasuwa. Ya ce wa kansa ai ido ne, shi ma yana da biyu. Ya samu wani dakali kusa da inda motocin ƙauye ke sauke doya da citta, ya miƙe ƙafar da ke ciwo, ya buɗe littafi a sabon shafi. Ya yi awa biyu a wurin. Ya ga mata suna sauke kaya, ya ga maza suna jifa da buhu, ya ga wata akuya ta tsinke an bi ta. Abin da ya gani ke nan, mata na sauke kaya. Haka yake tun farko. In an yi taku a gabansa yakan gane inda aka ɓata tun kafin mai rawa ya gane, yakan sa mutum ashirin su ɗaga ƙafa kamar mutum ɗaya, ba wanda ya kai shi a wannan. Amma in aka ba shi fili wayam da mutane a tsaye suna jiran ya ce ga abin da za a yi, kansa sai ya yi shiru. A ƙasar Turawa ma da malamar ta ce kowa ya kawo tasa, rawar turmi ya ba su. Suka tafa, wata ta ce ba ta taɓa ganin irinta ba. Ya yi godiya ya koma ɗakinsa da ciwon kai.

Wata mai sayar da daddawa da ta gaji da kallonsa ta leƙo ta ce, "Baba, duba-gari ne? In duba-gari ne ka faɗa mu share." Ya rufe littafin ya tashi.

Ƙarfe huɗu ta yi ruwa ya dawo. Ya isa cocin da niyyar ya shiga ya gaisa, ya jira a gama, ya roƙe ta kai tsaye. Ya shirya maganar tun a jirgi. Amma da ya ji kiɗan tulu na tashi daga ciki, sai ya ratse ya tsaya a jikin taga, ƙarƙashin bakin kwano.

An ture bencina jikin bango. Mata kamar talatin ne, zani a ɗaure a ƙugu, biyu na buga bakin tulu, sauran na waƙar godiya. Afiniki tana gaba, furfura ta fito mata a gefen ɗankwali, ga farin alli a zaninta, daga makaranta ta wuce. Rawar ba ta da sauri, ba tsalle ko ɗaya. Matan sukan sunkuya kaɗan kamar masu kaya a ka, su yi taku huɗu, a na biyar kowace ta juya wajen ta kusa da ita, ta kama kayan da babu su, su sauke tare har ƙasa. Sannan su miƙe, ba gaba ɗaya ba, daga ƙugu zuwa baya, wuya a ƙarshe, hannu ya tashi a hankali ya tsaya a sama. An yi ta ne don mata masu ciwon baya, kuma tsofaffin cikinsu sun fi kowa kyau a cikinta. A kasuwar da ya zauna awa biyu aka ɗauko ta.

Bai san lokacin da littafin ya fito daga aljihu ba. Ya cika shafi uku yana na huɗu sai ya ji tulu ya tsaya, an ce a sha ruwa. Yana gyara wata kibiya ya ga ƙafafu a gabansa.

"Ka samu duka?"

"Yaya. Ina wuni."

"Lafiya. Na ce ka samu duka? Juyin nan na biyar Martha tana ɓata shi. In nata ka rubuta, ka goge."

"Na zo ne in gaishe ki."

"Ka gaishe ni. Shigo, littafin zai jiƙe."

Ba faɗa a muryarta. Muryar da take cewa 'yan aji biyu su ɗauko allo da ita ce, a ƙarshen mako. Da faɗa ta yi da ya fi masa sauƙi.

"An ba ni zuwa ƙarshen wata," ya ce yana kallon takalminta. "In ban kai sabuwa ba za su karɓe ƙungiyar."

"Na sani. Da ba a matsa maka ba, da ba ka hau jirgi da wannan ƙafar ba. Shigo ka gani da kyau, ta taga rabin layi kawai kake gani. Ɗauka, Bato. Ni gobe in na je kasuwa zan ga wata."

Ta shige gaba, ya bi ta. Ta tafa hannu sau biyu matan suka taso.

"Mata, ga Malam Bartholomew Kumai daga Kaduna, babban mai tsara rawa na gwamnati. Ƙanena ne. Zai kalle mu, kowa ta ɗaure zaninta da kyau."

Aka yi masa sannu da zuwa, aka kawo masa kujerar katikis, malamin cocin. Afiniki ta sa aka fara daga farko. Wannan karon tana tsayar da su tana juyowa wajensa. "A nan ƙafar hagu ce gaba. Rubuta." Ya rubuta. "A nan ba a ƙirga da tulu, da numfashi ake ƙirgawa. Ban san yadda za ka zana wannan ba." Ya zana wani abu. Daga layin baya Mama Nkiru tana rawarta tana kallonsa ta saman kafaɗar ta gabanta.

Da aka kai ƙarshe, Mama Paulina shugabar zumunta ta fito tana share gumi da bakin zani. Shekara uku ke nan da aka kawo mijinta aiki garin, labarin talabijin kawai ta sani, kamar yawancin matan.

"Malam, mun gode Allah da ya kawo ka. Kullum muna cewa abin nan a jini ne. Malama Afiniki ya yi sa'a, ya tashi kusa da kai, ya tsinci kaɗan-kaɗan. In ka ga inda ya yi kuskure, gyara mishi yanzu, kada mu je mu ji kunya gaban matan Kagoro."

"Gaskiya ne," in ji Afiniki. Ta harɗe hannu ta tsaya. "A gyara mana, Malam."

Mama Nkiru ta kwance zaninta ta sake ɗaurawa, ko da yake bai kwance ba.

Bartholomew ya miƙe. Gwiwar ta riƙe, ya dafa kujera ya jira ta saki. Ya faɗi wata magana, amma ruwa ya ƙaru a kan kwano, ba wanda ya ji.

"Malam, ɗaga murya," in ji Mama Paulina. "Ruwa."

Ya ɗaga, irin muryar da yake ƙirga wa 'yan rawa taku da ita.

"Na ce babu abin gyarawa. Ko akwai, ba ni zan gyara ba. Ban taɓa tsara rawa ba, Mama. Ta turmi, da ta layin dogo, da ta tulu da kuka gani a talabijin, duk Yaya ce ta yi su, a nan garin, a gabana. Ni rubutawa na iya, da sa mutane su yi daidai. Ba ita ta tsinta a wurina ba."

Masu tulu suka ɗauke hannu daga bakin tulu. Ya buɗe littafin ya yage shafukan yau, biyar ne yanzu, ya miƙa wa Afiniki. Ba ta karɓa ba.

"Me zan yi da su? Ni ban iya karanta taswirar jirgi ba."

Wata ta fara dariya ta haɗiye. Ya ajiye takardun a kan benci.

"Ka san aikinka ka yaga?" ta ce, a hankali yanzu.

"Na sani. Ranar Litinin zan gaya wa Malam Nuru."

"Ba wanda ya aike ka. Zauna, Bato, nan ba wurin wannan maganar ba ne, mata suna da girki a gida. Kuskure aka yi, ya wuce. Baba Silvanus ya tsufa, ya ce shi maimakon ita, ko bature ma zai ruɗe balle Malam Nuru."

Ta ba shi mafita ke nan, kamar yadda ta ba shi rawar. Ya ga haka. Ya ɗago daga kallon takalminta, abin ya yi masa wuya fiye da miƙewar, ya dube ta a fuska. Ta gaji, kuma ba gajiyar yau ba ce.

"Baba bai yi kuskure ba, haka yake magana tun muna yara. Malam Nuru ma bai yi ba, abin da ya ji ya rubuta. Ni na gane wa ake nufi kafin Baba ya rufe baki, kuma na faɗi sunana. Na cuce ki, Yaya, na bar tsoho yana ɗauke da laifina shekara shida. Ki yafe mini."